Kumfar Iska a Jinin Maigida

A bencin jira na asibiti na ji wani makaniki yana gaida wata tsohuwa.

"Inna, waye ba lafiya?"

"Maigidana ne, ɗana. Aikin huhu aka yi masa, kumfar iska ta shiga jijiyar jini ta haura kai. Ya farka, magana ta ƙi fita. Yanzu sun kulle shi a wani tanki, wai za su matse kumfar da oksijin har ta narke."

"Haka mota take. In iska ta shiga bututun birki, sai an fitar take daidaita."

"Au, mijin nawa ne mota?"

"Tsohuwa mai ƙarko, Inna."

"Mai ƙara dai. Shekara arba'in ina cewa ya rage surutu. Yau ko tsaki ya yi min, na gode Allah."

Can sai nas ta leƙo. "Ina matar dattijon nan? Baki ya buɗe. Wai ki daina ba mutane labarinsa."

Tsohuwar ta miƙe tana goge ido da mayafi. "Ka ji shi ko? Bari in je mu yi faɗan."