Ai Ya Ce Da Sauƙi

Malam liman, shugaban ƙungiyarmu ta kafintoci, likitan da ya bar aiki ya zo, matar marigayi da 'ya'yansa, 'yan uwa da maƙwabta, assalamu alaikum.

An ce in yi magana a kan Ƙusa-Ɗaya don a benci ɗaya muka koyi riƙe zarto. An kuma ja mini kunne kada in ɗaga murya. Ku yafe ni, ba zan iya ba.

Ya kasance kafintan da ba ya dukan ƙusa sau biyu, shi ya sa sunan ya bi shi. Ya kasance in kujerar makarantar unguwa ta karye, za mu gan shi da guduma, ba wanda ya aike shi. Ya kasance ba ya kuka da jiki. Ranar da inji ya fille masa kan yatsa, na ce yaya hannu, ya ce, "Da sauƙi, an rage mini yankan farce."

Likita ya ɗora shi a kan maganin rage kitsen jini, ƙwaya ɗaya kullum. Ya ce masa kada ya haɗa da wani magani sai ya tambaya, in kuma tsoka ta yi ciwo ko fitsari ya yi duhu, ya garzayo. Maganin ya karɓe shi. Ni ma shi nake sha, ga ni tsaye.

Sai tari ya kai shi wurin mai kemis ɗin bakin layi, wanda ke rataya farar riga yana amsa "Dakta". Ya miƙa masa wasu ƙwayoyi, bai tambayi me yake sha ba. Cinyoyinsa suka riƙe, fitsari ya koma kamar baƙin shayi. Ya koma wurin mai kemis ɗin. Kun san me ya ce? "Kitsen ne ke narkewa, Baba. Maganin likitan nan, riƙa shan biyu." Kitse! Sai ka ce a kasko yake. Kafin mu kai shi asibiti ƙoda ta tsaya.

Da babban ɗansa ya je ya tuhume shi, ko kai bai ɗago ba. Ya ce, "Ai na tambaye shi jiki, ya ce da sauƙi." Haba! Wane ne a cikinmu bai taɓa cewa da sauƙi ba alhali yana cizon leɓe?

Yaya, matar ɗan uwana, na san an zo miki har ɗaki ana cewa ki janye ƙarar da kika kai mai kemis ɗin, ki bar wa Allah. Mun yarda kwana ne ya ƙare. Amma shagon nan a buɗe yake, yau da safe na ga mata a layi da goyo. Kada ki janye. Mu ne shaidunki, har hukuma ta sa masa kwaɗo. Ranar, ni zan buga katako a ƙofar da gudumar mijinki, in juya in ce wa mai farar riga, yaya jiki? In ji amsar da zai ba ni.

Mun gode da zuwanku. Allah Ya jiƙan Ƙusa-Ɗaya, Ya bi masa haƙƙinsa tun muna raye. Sauƙin da ya yi ta faɗa bai samu ba, ya Allah, Ka ba shi a kabarinsa.