Harafi Ɗaya Duk Kira

A layin banki, wani matashin tela ya juyo wurin dattijuwar da ke bayansa.

"Mama, lambar SWIFT harafi takwas ce kawai?"

"Da ta reshe, sha ɗaya. Wa zai turo maka kuɗi daga waje?"

"Wata ce na yi wa ɗinki kafin ta tafi karatu. Duk kira harafi ɗaya nake ba ta. Saura ɗaya, daga shi ba ta da dalilin kirana."

"Ja'iri! Ai a intanet za ta gan ta yanzu-yanzu."

"Ta sani, Mama."

"Kuma tana kira?"

"Kullum."

"To, karɓo ukun reshen. In sun ƙare, ka tura manya gidansu."