Tamfol a Kan Iyakwandishan ɗin Kawu

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Daga babban injiniyan jihar Maryland ta Amurka, ina jan kunnen jama'a.

Wani dattijo a Hyattsville ya kunna iyakwandishan da zafi ya shigo, sai gurnani, babu sanyi. Mai gyara ya zo, ya yaye tamfol ɗin da aka lulluɓe injin waje da shi lokacin ƙanƙara, ya ce dala ɗari. Dattijo ya ce, "Haba ɗana, ko sukundireba ba ka ɗauko ba!" Haka ya biya. Tun ranar yake cigiyar wanda ya ce wai ya riga ya cire tamfol ɗin, alhali bai cire ba.

Malam, ko boko ban yi ba. Sabi'u ne. Kawu, na san kana saurare, ni ne. Masu sauraro, ku taya ni roƙo.