Shiru Ma Ana Rubuta Shi

Jawabin Shugaban Kwaleji a taron tunawa da marigayi malamin kiɗa, kamar yadda ɗan aikensa ya karanta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban taro; malamanmu da suka buɗe mana da addu'a; Shugaban Sashen Kiɗa da malamansa; yayan marigayi, babban wannan gida; mai ɗakin marigayi, uwar marayu; 'ya'yansa, musamman Auta; ɗalibai; maƙwabta; da waɗanda suka hango rumfa da kujeru suka leƙo su ji ko mene ne. Ku ma sannunku da zuwa, shi kansa marigayi haka yake shiga taro.

Ni ne Shugaban Kwaleji. Ayyuka sun sha mini kai, sa hannu a nan, buga hatimi a can, shi ya sa ban samu zuwa da ƙafata ba. Na ba wannan matashi da ke tsaye a gabanku takarda ya karanta. Ku saurare shi kamar ni ne. Idan ya yi tuntuɓe a wata kalma kada ku yi masa dariya, laifin rubutuna ne, mu manya hannunmu ba ya karantuwa.

Jama'a, mun yi rashi. Mun rasa mutumin da ya shafe rayuwarsa yana amsa tambaya ɗaya, tambayar da kowa a nan ya taɓa yi, ko a fili ko a zuci: wai shin me ake karantawa a kiɗa? Abin da yaro ke yi da gwangwani da kara, shi ne har sai an shiga kwaleji an yi shekaru ana zana jarrabawa?

Ya kasance ba ya jin haushin wannan tambaya. Murna ma yake yi, kamar an kawo masa tsaraba.

Akwai wani ɗan ƙanwarsa, bakaniken babura, wanda yake kira Sifana. Yaro ne mai hankali, mai natsuwa, ga kyau, ga ladabi, ban san abin da ya sa 'yan gidan nan suke ce masa shaƙiyyi ba. Iyakar karatunsa allo. Wata rana wannan yaron kirki ya tare marigayi ya ce, "Kawu, tsakani da Allah, a makarantar nan taku idan mutum ya faɗi jarrabawa, rawa ce bai iya ba ko tafi?"

Marigayi ya ce, "Wanke hannunka ka biyo ni."

Ya kai shi sashen. Ku da ba ku taɓa shiga ba, bari in kwatanta muku. Dogon baranda ne, ga ƙananan ɗakuna a jere, kowace ƙofa an lulluɓe ta da soso kamar katifa. A kowane ɗaki mutum ɗaya ne, yana maimaita abu ɗaya. Wannan ya hau ya sauko, ya hau ya sauko. Waccan ta kai wuri guda ta karye, ta koma farko, ta sake karyewa a nan ɗin dai. Kamar gareji ranar da kowa ke gwada injinsa. Ni dai ban taɓa shiga gareji ba, labari ake ba ni.

Ranar ce ta farko ga sababbin ɗalibai. Kowa ya zo da kayansa yana zumuɗi, mai jita, mai sarewa, mai ganga. Marigayi ya shigo ya ce, "Kowa ya rufe akwatinsa." Aka rufe. Ya ce, "Ku saurara." Ya zauna ya harɗe hannu. Aka yi ta zama, har wani ya fara duba agogo. Can ya ce, "Me kuka ji?"

Wata ta ce, "Ba komai, Malam."

Ya ce, "Ba komai? Fankar nan fa da ke cewa taƙ duk zagayen da ta yi? Famfon da ke ɗiga a bayan taga fa? Shi da fankar wanne ya fi sauri? Cikin wancan da bai karya ba fa?" Aka bushe da dariya. Ya ce, "Kun zo koyon busa da kaɗawa. Za a kai nan. Amma kunne ake fara gyarawa kafin hannu."

Ya kasance mai tambaya fiye da mai amsa. A aljihunsa akwai wani ɗan ƙarfe mai ƙafa biyu, sai ya buga shi a gwiwa ya kai kunne, ya auna kukan duk abin da ya gamu da shi. Ya auna firij ɗin gidansa. Ya auna keken ɗinkin maƙwabcinsa. Mai ɗakinsa tana nan, ta sha ce masa, "Malam, butar shayin ma sai ka san muryarta?" Idan ya je garejin Sifana ba ya zama a benci, tsugunawa yake yi kusa da salansar babur da farar rigarsa, ya ce, "Ƙara mata wuta. To sassauta. Me ya sa kukan ke hawa idan ka murɗa? Kai da kunne kake gane ciwonta ko da ido?" Bai iya ɗaure ƙusa ko ɗaya ba, Allah Ya jiƙansa, amma sai ya sa ka tsaya kana mamakin aikin da kake yi kullum ba ka taɓa tunani a kansa ba.

Ya kasance ba ya ɓoye abin da ya sani a bayan ƙofa mai soso. Mu shaida ne, ranakun hutunsa makarantar kurame yake tafiya da babbar ganga a bayan mota. Mutane suka ce wannan wane irin aikin banza ne, kiɗa ga wanda ba ya ji? Shi kuwa sai ya ɗora tafin yaro a kan fatar, ya buga a hankali. Yaron ya zabura, ya janye hannu, ya dubi tafinsa, sannan ya mayar da kansa. Ga malamarsu can a baya tare da wasu daga cikinsu. Ku tambaye ta ko aikin banza ne.

Yanzu ga abin da na fi so ku riƙe. Wata rana Sifana ya tarar da takardar kiɗa a kan fiyanon falo. Layuka ne a miƙe, da baƙaƙen ɗigo masu wutsiya, kamar tsuntsaye a kan wayar lantarki. Marigayi ya nuna masa: wanda ke sama muryarsa siririya, wanda ke ƙasa muryarsa kakkaura. Sai yaron, da yake Allah Ya yi masa kaifin ido, ya hango wani ɗan dunƙule yana rataye a ƙarƙashin layi kamar jemage. Ya ce, "Wannan fa, yaya kukansa?"

"Ba ya kuka. Shiru ne."

"Shiru? Har shiru sai an rubuta? Ba sai mutum ya bar wurin fili ba?"

Marigayi ya ce, "Fili ai ba na kowa ba ne. Wannan shirun yana da mai shi, yana da tsawonsa. Mai kiɗa ba hutawa yake yi a nan ba, ƙirgawa yake a zuci, yana sauraren abokinsa, yana jiran lokacinsa. Ɗaliban da ke faɗuwa a hannuna ba a wurin sauri suke faɗuwa ba, a nan ne. Shiru ya tsorata su, sai su tsallake shi a guje." Ya dubi yaron ya ce, "Kai kuwa da za a rubuta ka a takarda, jemage ko ɗaya ba za a samu ba."

Wannan ƙazafi ne, amma mun yafe masa.

Jama'a, kun san Auta tana shekarar ƙarshe a sashen nan, sarewa take karanta. Abin da ya rage mata jarrabawa ɗaya ce, wadda ɗalibi ke tsayawa a gaban malamai ya busa abin da ya koya. Mako mai zuwa ne. Idan ba ta tsaya ba, karatun bai cika ba. Kiɗan da za ta busa kuwa mahaifinta ne ya rubuta mata shi, na mutum biyu ne, ita da sarewa, shi da fiyano. Hira ce ya shirya: sarewa ta yi tambaya ta dakata, fiyano ya amsa. Duk unguwar nan mun haddace shi ba da sonmu ba, saboda kullum bayan la'asar sai sun yi. Muna jin sa yana cewa, "A'a, Auta, kin shigo mini cikin magana. Ki bari in gama." Ita kuma ta ce, "Baba, kai ne kake jan amsar kamar mai ciniki."

Allah Ya karɓi abinsa kafin ranar. Bayan an share makoki Auta ta ɗauki sarewa sau ɗaya, ta busa tambayar farko, ta dakata. Ba amsa. Ta fashe da kuka, uwarta ta taya ta daga ɗaki. Babban gida ya shigo ya karɓi sarewar, ya rufe akwatin, ya ɗora a kan sif, ya ce, "Ya isa haka. Karatun nan ya tafi tare da mai shi." Auta ta ce ita ma haka ta gani.

Ranka ya daɗe, babban gida, ba wanda zai zarge ka. Tausayi ne ya ɗora akwatin nan a kan sif, ba ƙiyayya ba. Kai ne ka raka ƙanenka tasha ranar da zai tafi karatun kiɗa, lokacin da dangi ke cewa ya lalace, shi da bakinsa yake ba da labarin. Abin da muke roƙo, ka raka 'yarsa wannan ɗan takun da ya rage.

Uwar marayu, mun san kowace busa tana fama miki ciwo. Amma shirun da ya sauka a falon nan yanzu irin filin nan ne da ba na kowa ba. Ke ma kin faɗa wa wata maƙwabciya cewa la'asar ta zame miki tsawo.

Auta, ke kuma ki ɗago ki saurara. Dokar kwaleji ɗalibi take aunawa, ba mai raka shi ba. Kina iya kawo wani ya zauna a fiyano. Mun san kin ce ba wanda zai taɓa amsoshin babanki, kuma kin yi gaskiya. To kina iya tsayawa ke kaɗai. Ki duba takardarki da kyau: duk inda yake amsawa, a naki layin me aka rubuta? Jemage. Da hannunsa ya rataya miki su, kowanne da tsawonsa. Ki busa tambayarki, ki ƙirga shirun daidai yadda ya koya miki, kada ki tsallake, kada ki shiga masa cikin magana. Mu dai muna son mu ji abin da bai taɓa faruwa a sashen nan ba: yaya kiɗan zai kasance? Ɗakin zai zama kango, ko kuwa duk wanda ya san shi zai ji amsar a kunnensa? Wallahi ban sani ba. Kuma na rantse da yana raye, shi ne zai fara matso da kujera don ya ji.

Muna gode wa duk wanda ya taka ya zo, da masu rumfa, da matan da suka kwana biyu a tsaye a kan baƙi. Allah Ya jiƙan Malam, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa ilimin da ya bari ya zame masa haske. Allah Ya ba iyalinsa haƙuri, Ya raya abin da ya bari, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Saura sa hannu.

Shugaban taro, ka daina miƙo hannu, ko na ba ka takardar nan ba za ka iya karantawa ba, da ajami take, ga baƙin mai a gefe. Shugaban Kwaleji bawan Allah bai san ina yi ba, bai ma san da ni a duniya ba, Allah Ya ba shi haƙuri. Shugaban Sashe kuwa tun a maganar gareji ya rufe fuska da hula.

Ni ne na rubuta, Kawu Babba. Sifana ne. Na zo maka da maganar nan har ɗaki ka ce in tafi in wanke hannu, manya na magana. Shi ya sa na ari rigar manya. Inda aka yabi hankalina da kyawuna ku cire, sauran duk gaskiya ne. Maganar doka ma ba ƙirƙira na yi ba, da ƙafata na taka har ofishin Shugaban Sashe, ga shi nan zaune, a tambaye shi. Na kuma tambaye shi ko an yarda mutum ya zauna a kujerar fiyano ba tare da ya taɓa komai ba. Ya ce irin wannan tambayar a bakin mutum ɗaya ya saba jin ta.

Akwatin yana kan sif inda ka ajiye shi, ban taɓa ba, ko da yake tsayina ya kai. Hannun da ya ɗora shi muke so ya sauko da shi.

Ke kuma Auta, taubashiyata, mai kunnen ƙashi, idan kujerar nan ce ba kya son gani babu kowa, ni zan zauna. Zan sa farar riga, in ɗora hannuwana a gwiwa, in rufe bakina tun daga farko har ƙarshe. Kawu ya ce babu jemage ko ɗaya a takardata. Ki taimaka mini in ƙaryata shi, ko sau ɗaya ne.

Wassalamu alaikum.