Sun Hana Ni Gyara Famfon Ƙauyenmu

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Sunana Sani mai gyaran famfo, daga Rafin Guza.

Shekarun baya wata ƙungiyar taimakon karkara ta haƙa mana famfon tuƙa-tuƙa a ƙauyenmu, Allah ya saka musu. Ashe tun bara ya lalace, mutane sun koma shan ruwan kududdufi. Ban sani ba sai da aka aiko min cewa kurkunu ya kwantar da gwaggota.

Ran Asabar na rufe shago, na kwashi kayan aiki na tafi. Ina tuƙa shi na gane roba ce kawai ta cinye. Na ɗora sifana ke nan zan kwance shi, sai shugaban kwamitin famfo ya riƙe min hannu.

"Kai Sani, bari! 'Yan ƙungiyar sun ce kada kowa ya taɓa sai injiniyansu."

Na ce, "Baba, yaushe zai zo?"

Ya ce, "Sun ce muna kan layi."

Haba jama'a! Shekara ashirin ina sana'ar nan, kuma kyauta zan yi. Haka na dawo Kaduna, na bar gwaggo ko tsayuwa ba ta iyawa.

Masu sauraro, ku ba ni shawara. In kwance famfon nan in ɓata da dattawan garinmu, ko in zuba ido 'yan uwana suna shan ruwan da shanu ke shiga?