Addu'ar da Ta Maƙale Mini a Ɗakin Mama Talatu

Salamar Yesu Almasihu ta kasance tare da ku, 'yan'uwa. Sunana Bitrus. Da yawanku kun saba ganina a kujerar dattawan ikkilisiya. Na sauka daga kujerar nan, yau kuma za ku ji dalili daga bakina.

Lokacin da gwamnati ta sayar wa ma'aikata gidajen da suke ciki, ni ma na ci bashin banki na sayi namu a Kubwa. Kai, na yi ta hura hanci! Ɗan ƙauye ya zama mai gida a Abuja. Sai kwaɗayi ya ja ni, na kwashe kuɗin biyan banki na zuba a hannun jari, don kowa a ofis cewa yake kuɗi na haihuwa. Suka nutse. Banki ya yi ta aiko takarda, daga baya kotu ta ba su izinin sayar da gidan. Aka liƙa sanarwa a get. Na ɓalle ta na cusa a aljihu, ko matata Saratu ban gaya wa ba.

A makon da aka liƙa sanarwar ne Mama Talatu ta zo. Gwauruwa ce a zumuntar mata, mai tuyan masa, rusau ya cinye ɗakinta a Karmo. Tana neman hayar ɗakunanmu na baya. Kun dai san Abuja, haya sai ta shekara biyu a dunƙule. Ta sayar da babur ɗin marigayi mijinta, ta haɗa da adashinta, ta ɗauro a bakin zane.

Ta ce, "Baba Dattijo, gara in ba ɗan'uwa cikin Ubangiji, hankalina ya kwanta."

Na karɓa. 'Yan'uwa, na karɓa! Na san gidan ya riga ya fita hannuna, amma har rasit na rubuta mata. Na kai wa banki kuɗin don su ɗaga mini ƙafa. Suka karɓa, ba su ɗaga komai ba, suka sayar da gidan.

Baiwar Allah ta yi fenti, ta rataye labule. Ran Asabar da la'asar ta kira matan zumunta, ta dama zoɓo, ta toya masa, aka yi waƙa. Sai ta ce, "Baba, sa wa ɗakin nan albarka."

Na miƙe, kowa ya rufe ido. Na ce, "Ya Uba, ka sa baiwarka ta daɗe a wannan ɗaki..." Shi ke nan. Murya ta ɗauke. Mata suna jira su ce amin, ni kuwa gumi har cikin takalmi. Na ji a zuciyata sarai: Bitrus, mutane ka yi wa ƙarya, yanzu kuma ni za ka yi wa?

Na zube a kan gwiwa, na ciro takardar kotu daga aljihu, na faɗi komai.

Saratu ta ɗora hannu a ka. Mama Talatu ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta ce, "Baba, da tsufan nan nawa, ina zan nufa?" Wayyo Allah! Har yau maganar nan tana cin raina.

A nan muka yi addu'a ta gaskiya. Ban roƙi gida ba. Na ce, "Ubangiji, ni na cancanci titi, amma kada ka bar matar nan a waje saboda ni."

Ran Litinin na nemi wanda ya sayi gidan, wani Alhaji, darakta a wata ma'aikata. Na durƙusa a ofishinsa na gaya masa abin da na aikata. 

Ya ce, "Malam Bitrus, kai ka ci amana, ba ita ba. Ta zauna har hayarta ta cika, ba zan karɓi ko kwabo ba. Kai kuwa, ƙarshen wata ka kawo mini makulli."

Ku yabi Ubangiji! Haleluya!

Ranar da muka kwashe kaya, Mama Talatu ta taya Saratu ɗora tukwane a mota. Ni ko kallona ba ta yi ba, ban kuma ga laifinta ba. Yanzu muna ɗaki ɗaya a Dutsen Alhaji, Saratu tana haƙuri da kunyar da na jawo mata.

Na gode wa Yesu da ya shaƙe ni a tsakiyar addu'a. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa. In akwai wanda ya amince da kai alhali kana ɓoye masa abin da zai rushe shi, kada ka jira Lahadi mai zuwa. Ana tashi daga sujadar nan, je ka same shi. Amin.