Ranar da Dada ta kama hannun Baba

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Hajara ce daga Limawa.

Ciwon ƙirji ya sa muka kai babanmu asibiti a ɗauki hoton jijiyoyin zuciyarsa da injin CT. Da ya ga injin sai ya tsorata, zuciyarsa ta yi ta bugawa da sauri. Likita ya ce hoton ba zai yi kyau ba sai ta lafa.

Mahaifiyarmu Dada Bafulatana ce, kunya ba ta barinta ko zama kusa da shi a gabanmu. Ranar nan ta kama hannunsa, ta ce, "Malam, ga ni nan." Bugun ya sauka, aka ɗauki hoton. An ga jijiya ɗaya ta tsuke, yanzu yana shan magani.

Ku gaishe min da Dada. Na san tana jin mu, ta ja mayafi ta rufe fuska.